Abin da Tsummana Ya Goge

Shekara goma sha ɗaya na yi ina wankin tirela a bayan Kasuwar Shanu kafin in taɓa jirgin sama da hannuna. Wanda bai taɓa shiga bodin tirelar da ta kai shanu kudu ta dawo ba, kada ya ce mini ya san wanki. Ni na san shi, kuma ba na ɓoyewa, ina alfahari da hannuna. Motar da ta fito daga wurina, direbanta yakan zagaye ta sau biyu yana neman abin da zai yi mita a kai, ya rasa.

Ubangidana a wurin wankin tsoho ne mai ƙarancin magana, kuma darasi ɗaya ya koya mini da zafi. A watannin farko na ga sifirin ɗin wata tirela ya tsage, na ruga da murnata na gaya wa direban, ina tsammanin godiya. Mutumin nan ya cakumi wuyan rigata, ya ce lafiya lau ya kawo motarsa, ni na fasa masa. Yadda tsumma da bokiti za su fasa ƙarfen da ya fi cinyata kauri, har yau ban gane ba. Da aka raba mu, ubangidana ya ja ni gefe ya ce, "Mai wanki ido gare shi, ba shi da baki. Abin da ka gani ka goge, ka rufa wa mai mota asiri, ka rufa wa kanka." Na riƙe wannan magana fiye da yadda na riƙe karatun allo.

Sai rikici ya zo. Hanyoyi suka zama abin da suka zama, tireloli suka ragu, har aka kai ga rufe kasuwar na wani lokaci. Gidanmu na Gwange, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, ya cika da dangin matata da suka gudo daga ƙauye. Ni da na saba fita tun sassafe in dawo da ƙanshin sabulu, na koma mai zaman ƙofar gida ina amsa gaisuwar masu wucewa. Zaman nan ya ci mini rai ƙwarai.

Matata tana haɗa turaren wuta da humra, kuma cikin masu saye a wurinta akwai wata mata daga Jiddari Polo, Kirista ce 'yar kudancin Borno, mijinta malamin makaranta. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata. Akawu ce a wani ƙaramin kamfani mai jirgi ɗaya tak, wanda ke kai ma'aikatan lafiya da magunguna garuruwan da mota ba ta iya zuwa. Wata rana ta same ni a ƙofar gida ta ce suna neman mai wanki. A wannan zamanin ba kowa ake bari ya shiga filin jirgi ba, sai wani na ciki ya tsaya maka, ya sa hannu cewa ya san ka, ya san gidanku. Yaya ta tsaya mini. Aka ba ni kati mai hotona, na rataya a wuya, har masallaci nake zuwa da shi.

Jirgin ƙarami ne, fari mai ratsin shuɗi, farfela ɗaya a hanci, kujerunsa ba su kai na bas ba. Ƙafafunsa uku, ɗaya a gaba biyu a gefe, kuma ba sa naɗewa ciki kamar na manyan jirage, a waje suke ko yana sama. Inda yake sauka ba kwalta, filin ƙasa ne, don haka da damina yakan dawo da laka har ciki. Ni kuwa abin nema ya samu.

Mai kula da lafiyarsa wani dattijo ne Babarbare, gajere, da tsage a fuska, kowa Baba Injiniya yake ce masa. Jirgin ba ya tashi sai ya sa hannu a littafi. Ranar farko da ya ji ni Bafulatani ne, ya ajiye sifanarsa ya dube ni sama da ƙasa, ya gaishe ni da yarensu.

"Wushe, wushe. Ashe bawa aka kawo mini. Bafulatanin da ko bindin saniya ba shi da shi."

"Baba, ai shanun ne na sayar na zo in ga yadda Barebari ke ɓata jirgin mutane."

Tun daga ranar muka ɗinke. Wasan Fulani da Barebari ya ba ni damar da mai wanki ba ya samu a gaban injiniya, na kuma more ta son raina. Kullum da safe nakan riga kowa zuwa, da an buɗe shingen sojoji ina cikin keken haya na farko. Kafin Baba ya iso na gama, jirgi yana ƙyalli. Sai ya zo ya zagaya shi, ya shafa nan ya leƙa can, ya ce, "Bawan nan nawa ba abin da ya iya sai wanki, amma ya iya." Wannan kalma tana yi mini daɗi har cikin raina.

Abu ɗaya ne ya riƙa ba ni haushi a jikin jirgin. A ƙafar hagu, can sama inda ƙarfen ya shige cikin jirgi, akwai wani babban noti. Daga ƙarƙashinsa wani siririn baƙin layi yakan gangaro, kamar an ja da kwalli, tsawonsa bai wuce yatsa ba. Sai ka durƙusa ka karkata kai za ka gan shi. Na goge shi yau, gobe ya dawo. Na ɗauka giris ne ko mai yake tsatsa, na kuma ce a raina, in mai ne yake zuba to abin kunyar Baba ne, ga shi mutumin kirki, me zai sa in tona shi a gaban matuƙa? Har wani tsumma na ware wa layin nan, mai laushi, nakan naɗa a yatsa in bi lungun in fito da shi tas. Wajen wata biyu muna wannan kokawa da shi, kuma kullum ni ke yin nasara.

Wata safiya na gama wanki ina shanya tsummokarana, sai na ga Baba ya shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙarƙashin jirgi, da tocila a hannu ɗaya, da ɗan madubi mai sanda a ɗayan. Ya daɗe a gindin ƙafar dama, ya koma ta hagu.

"Baba, goro ne ya faɗi? In taya ka nema?"

"Rufe mini baki. Takarda ce ta zo."

Da ya fito yana kakkaɓe riga, ya yi mini bayani, don Baba mutum ne mai son a tambaye shi. Ya ce hukumar da ke kula da lafiyar jirage ta aiko da umarni ga duk mai irin wannan jirgi. An gano cewa a wasu, ƙarfen da ke riƙe ƙafa yakan tsage daga ciki, inda ido ba ya kaiwa. In ya tsage, ƙarfe yana gogar ƙarfe, sai baƙin gari ya riƙa fitowa ta gindin noti. Umarnin ya ce a duba da ido nan take. In an ga alama, jirgi ba zai ƙara tashi ba sai an kwance an gwada. In ba a gani ba, a sa hannu, a ci gaba da aiki har lokacin babban gyara, wanda saura makonni.

"Yaya alamar take, Baba?"

"Ɗan baƙin layi, kamar kwallin mata. Namu kuwa alhamdulillahi, tas yake, ko ɗigo babu."

Ya buɗe littafi a kan fiffike ya sa hannu. Ina tsaye, tsumman nan mai laushi yana rataye a kan igiya a bayansa, da baƙin tabo a tsakiya. Na so in yi magana, wallahi na so, amma abin da ya zo mini shi ne hannun direban nan a wuyan rigata, da mutanen da ke jirana a Gwange. Na yi shiru. Fasinjoji suka hau, jirgi ya ruga a guje ya ɗaga, ina kallo.

Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Abincin da matata ta ƙunsa mini na ba mai gadi. Da la'asar na ji ƙararsa daga nesa, na fito bakin rumfa. Ya sauko a hankali, tayoyi suka taɓa ƙasa, ya ɗan yi tsalle ya zauna, kamar kullum. Ni kaɗai a filin nan na san abin da nake kallo. Da kowa ya watse na je na durƙusa, ga layin nan ya dawo wurinsa.

Maimakon in wuce gida, na hau keke zuwa Jiddari Polo. Na sami Yaya a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta ga fuskata ta kori yara ciki, ta turo mini kujera. Na gaya mata komai, ban rage ba, har shirun da na yi da safe.

Ta juya shinkafa a faranti, ta dube ni.

"Ƙanena, me ya kawo ka wurina? Ni injiniya ce?"

"Yaya, ke kika tsaya mini. In na faɗa za a kore ni, kuma sunanki yana kan takardata. Na ce ba zan ja miki abin magana ba sai kin sani."

"To in na ce ka yi shiru fa?"

Na sunkuyar da kai. Gaskiya ina jin wani ɓangare na zuciyata abin da ya zo nema ke nan.

Ta ajiye farantin. "Ka san aikina a ofis? Ni nake rubuta sunayen masu hawa. Na gobe ma na rubuta su kafin in taso, mutum tara. Akwai ungozomar da kullum take kawo mini ƙuli-ƙuli. Akwai wanda matarsa ta haihu makon jiya. Sunana da kake tsoron ɓatawa, bar shi ya ɓaci, ni na ba ka izini. Gobe kada ka taɓa ƙafar nan. Ka jira Baba."

Na tashi zan tafi, ta kira ni ta ƙara da cewa, "In an kore ka, za mu san yadda za a yi. Allah ba ya barin bawansa." Daga ita har ni mun yarda da wannan, kowa ta hanyarsa.

Washegari na wanke jirgi duka na bar ƙafar hagu da lakarta. Abin ya yi mini ciwo a ido, jirgi fes da ƙafa ɗaya kaca-kaca. Baba ya iso da carbinsa, ya hango tun daga nesa.

"Yau kuma ƙiwar Fulani ta motsa? Wa ka bar wa wannan?"

"Baba, zo ka ga wani abu."

Ina jin muryata ce ta sa bai ƙara wasa ba. Ya durƙusa inda na nuna masa, ya kunna tocila. Ya sa yatsa ya lakato baƙin, ya murza, ya kai hanci. Ya juyo ya dube ni.

"Tun yaushe?"

"Wajen wata biyu."

"Kullum?"

"Kullum. Ni nake gogewa kafin ka zo."

"Jiya da na gaya maka, ka sani?"

"Na sani, Baba."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ya miƙe ya tafi wurin matuƙi, wanda ke duba takardunsa a inuwar fiffike. Suka dawo tare, matuƙin ya leƙa, ya cire hularsa ya ce shi ke nan, yau ba tafiya. Fasinjoji kuwa sun riga sun iso da akwatunan sanyi na allurar rigakafi. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce yara na jiransu tun makon jiya, wa zai je ya gaya musu ƙafar jirgi ce ke ciwo? Tana da gaskiya. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Manajan kamfani ya aiko a karɓi katina. Baba ya ce a dakata. "Shi zai riƙe mini tocila. Ina so ya gani da idonsa."

Aka tura jirgi cikin rumfa, aka ɗaga shi a kan jak. Wajen azahar aka kwance notin, aka fito da ƙarfen da ke riƙe ƙafar. Na dube shi da kyau, ban ga komai ba, sumul yake. Har wani sanyi ya fara shiga zuciyata, na ce watakila na tayar da hankalin mutane a banza. Baba ya wanke ƙarfen, ya fesa masa wani jan ruwa, muka zauna jira. Can ya goge jan ruwan sarai, ya fesa wata farar hoda. Da farko fari ne kawai. Sai wani jan zare ya fara fitowa daga bakin ramin notin, siriri kamar gashi, yana tafiya yana tafiya, har ya kusa raba ƙarfen biyu.

Baba ya zauna a kan taya. Ya ce, "Innalillahi," a hankali, sau ɗaya. Daga nan ya aika aka kawo littafin, ya buɗe shafin jiya, ya ja layi a kan sa hannunsa, ya rubuta wani abu mai tsawo a ƙasa. Na miƙa katina a ofis. Yaya ce ta karɓa, ba ta ɗago kai ba, ta sa shi a aljihun tebur.

Mako uku na yi a gida. Kamfanin ya yi aron wuri a wani jirgi aka kai allurar bayan kwana biyu, wannan ya rage mini nauyi kaɗan. Matata da na gaya mata, ta ce, "Da ka yi shiru ya faɗo da mutane, da wane baki za ka ci tuwon?" Ta ci gaba da dakan turarenta, ta ƙara yawan wanda take kai wa kasuwa. Ni kuwa na koma ƙofar gida. Ba jirgin nake kewa ba kamar yadda nake kewar tsiyar Baba. Na tabbata ya gama da ni, kuma na san ban cancanci komai ba.

A mako na uku Yaya ta aiko in zo, jami'in hukuma ya iso daga Abuja yana son ganina. Na sa rigar Juma'a, na yi sallama da matata kamar mai tafiya kotu. Mutumin matashi ne mai tabarau, Hausarsa ta makaranta. Baba na zaune a gefe, manaja na tsaye. Ya tambaye ni ranar da na fara ganin layin, da tsawonsa, da ko yana ƙaruwa in an sauka a filin ƙasa. Na ce yana ƙaruwa, musamman bayan ruwa. Ya rubuta da sauri, ya ce wannan zai yi wa wasu amfani. Sai ya ce, "Da aka ɗauke ka aiki, wa ya gaya maka abin da za ka goge da abin da za ka bari a gani?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. An ce in wanke, na wanke."

Ya dubi manaja. Manaja ya dubi silin.

Baba ya gyara murya. "Ka rubuta nawa ma. Shekara talatin ina wannan aiki, kullum ina duba jirgi bayan an wanke shi, ina yabon mai wanki. Ban taɓa tambayarsa me ya samu kafin ya goge ba. Takarda ta ce in duba da ido, na duba. Ban tambayi wanda ya riga ni gani ba. Shirunsa na yini ɗaya laifi ne, na kuma gaya masa da fuskata. Amma ya dawo da ƙafarsa ya faɗa, alhali ya san abin da zai same shi. In an kore shi, duk mai wankin da ke filin nan ya koyi darasi, ba wanda zai ƙara buɗe baki."

Ban san Baba yana da doguwar magana haka ba. Idona ya cika, na juya ina kallon kalandar bango.

Abin da ya fito daga zaman nan bai da yawa. Aka rubuta cewa daga yau ba a wanke ƙafafun jirgi sai injiniya ya duba su da dattinsu. Aka ce a tara masu wanki a koya musu alamomin da ake kai rahotonsu, kuma duk wanda ya kawo magana ba za a ɗora masa laifin abin da ya gani ba. Ni kuma aka ba ni takardar gargaɗi saboda yinin da na yi shiru, na karɓa hannu biyu. Yaya ta buɗe aljihun tebur ta turo mini katina, ta ce igiyar ta tsufa, in saya sabuwa.

A bakin ƙofa Baba ya wuce ni, ya tsaya bai juyo ba. "Gobe ka zo da wuri. Tun da ka tafi jirgin nan ya koma kamar mai shi Bafulatani ne."

Sabon ƙarfe ya iso a cikin akwati, aka ɗaura, jami'in ya duba ya sa hannu, matuƙi ya zaga da jirgin a sama ba fasinja a ciki ya dawo. Kwana biyu bayan nan ya yi tafiyarsa ta farko da mutane. Da la'asar na tsaya a bakin rumfa da bokitina har ya sauka. Aka buɗe ƙofa, suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, gajiya a fuskokinsu, wani da akwatin sanyi, wani da jaka a kafaɗa yana neman layin waya. Ba wanda ya san ni a cikinsu. Ta ƙarshe wata dattijuwa ce mai farin mayafi, da leda a hannu, tana tambayar ma'aikacin ƙofa ko akawu tana ofis, ta kawo mata ƙuli-ƙuli. Da ta zo wucewa ta gefena ta ce, "Sannu da aiki, ɗana."

Na ɗaga mata hannu kawai, na tsaya ina kallonta tana tafiya a hankali a kan ƙafafunta, har ta shige ofis.